Yis Mai Cin Ɗanyen Mai: Yadda Ƙananan Halittu Ke Mayar Da Man Ƙasa Abinci

Duk wanda ya ji an ambaci yis, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne burodi, ko fanke, ko ƙullun waina da ake jira ya tashi. Mutane da yawa sun ɗauka wani gari ne kurum da ake sayarwa a kanti, alhali kuwa halitta ce mai rai, tana ci, tana numfashi, tana hayayyafa, sai dai ƙanƙantarta ta kai ba a iya ganin ƙwaya guda sai da madubin likita. Masana sun tantance iri-irin yis har wajen 1,500, kuma ba dukansu ne ke dogara da sukari da fulawa ba. Akwai waɗanda in aka ɗiga musu kananzir ko man gas a cikin ruwa, sai su cinye wani kaso nasa su yi ta yaɗuwa, kamar yadda ɗan uwansu na gidan burodi ke yi da sukari.

Wannan magana ta shafi Nijeriya ƙwarai, domin tun daga shekarar 1956 da aka tarar da mai a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, arzikin ƙasar da damuwarta duk suna rataye da shi. Mai hankali yana iya tambaya, in dai har akwai halittun da ke cin mai, me ya sa wanda ya malala a gonaki da fadamun Neja Delta yake shekara da shekaru bai ɓace ba? Amsar tana cikin sanin yadda yis ɗin yake cin man, da abubuwan da ba ya iya yin aikin sai da su.

MENE NE INZAYIM

Halitta ba ta narkar da abinci da wuta kamar yadda ake dafa tuwo. Tana aiki ne da wasu sinadarai da take ƙerawa a jikinta, ana kiransu inzayim. Kowane inzayim yana da sana'a guda, ba ya shiga ta wani. Kamar dai yadda fata ke fita daga hannun mahauci ta je wurin majemi, daga nan ta je wurin baduku, haka abinci ke bin inzayim ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwayar halitta, kowa ya yi nasa ya miƙa gaba. In ɗaya ya rasu a tsakiya, to, aikin duka ya tsaya.

Ita kanta kalmar daga yis ta samo asali. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Kühne, shi ya ƙago ta wajen shekarar 1877 daga harshen Girkanci, ma'anarta kuwa "a cikin yis". A shekarar 1897 wani Bajamushen, Eduard Buchner, ya niƙe yis ya tace ruwansa, ya nuna cewa ruwan kaɗai, ba tare da ƙwaya mai rai ba, yana iya sa sukari ya tsima. Wannan ya tabbatar da cewa sinadaran da ke cikin yis ɗin su ne masu aikin, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1907.

SARƘA ƊAYA, BAKI DABAN

Ɗanyen man da ake haƙowa gamin gambiza ne na dubban sinadarai, amma akasarinsu abu biyu ne suka haɗu suka yi su, watau kabon, wanda shi ne asalin gawayi, da haidirojin. Saboda haka ake kiransu haidirokabon. Mafi sauƙin fasali a cikinsu su ne waɗanda ƙwayoyin zarra na kabon suka jeru a miƙe kamar 'ya'yan carbi, kowace tana riƙe da haidirojin a gefe da gefe. Tsawon jerin shi ke bambanta su. Gas ɗin girki yana da kabon 3 ko 4, na kananzir sukan kama daga wajen 10 zuwa 16, kakin da ake yin kyandir da shi kuwa ya haura 20. Waɗannan miƙaƙƙun sarƙoƙi ana kiransu farafin, kalmar da aka ciro daga Latin, mai nufin abin da ba ya son cuɗanya da kome. Suna kuwa ya bi jiki, domin ba sa narkewa a ruwa, ba su kuma da wata kafa da sinadarai za su kama su da ita cikin sauƙi.

Man da ake ci, irin su man gyaɗa da manja da man shanu da kitse, shi ma sarƙoƙin kabon ne. Kowace ƙwayarsa sarƙa uku ce aka ɗaure a jikin giliserin, kowace sarƙa kuma ana kiranta asid ɗin maiƙo. Abin da ya raba ta da farafin ɗan kaɗan ne: a bakinta guda akwai ƙwayoyin oksijin biyu.

Alal misali, a cikin man gas akwai farafin mai kabon 16 da haidirojin 34, sunansa hekzadiken. A cikin manja kuwa akwai asid falmitik, mai kabon 16, haidirojin 32, oksijin 2, shi ne wajen kashi 44 cikin 100 na asid ɗin da ke cikin manjan. Watau tsakanin abin da ake zuba wa tirela da abin da ake zuba wa miya, oksijin biyu ne a bakin sarƙa. Dukan gwanintar yis mai cin mai ita ce ya iya ɗora waɗannan biyun. Da zarar ya yi haka, man ƙasa ya zama maiƙo, narkar da maiƙo kuwa tsohuwar sana'a ce ga halittu.

YADDA YAKE KAMO MAN

Irin yis da aka fi nazari a wannan fanni su ne Yarrowia lipolytica da Candida tropicalis da Candida maltosa. Na farkon ana samunsa a wurare masu maiƙo, kamar cuku da nama da ƙasar da mai ya jiƙa. Yis na burodi, Saccharomyces cerevisiae, ba ya cikin wannan sahu, domin ko da yake yana iya cin asid ɗin maiƙo sannu-sannu, ba ya iya rayuwa a kan farafin.

Wahalar farko ita ce yis a ruwa yake zaune, ruwa da mai kuwa ba sa ga maciji. Sai ya fitar da wani sinadari mai aiki kamar sabulu, wanda ke farfasa man ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana. Fatar ƙwayar kuma takan fitar da 'yan ƙuraje masu manne wa ɗigon, daga nan man ya ratsa ya shiga ciki. In kuwa man ci ne ya samu, sai ya tura inzayim mai suna lifas waje, ya tsinke sarƙoƙin uku daga jikin giliserin, sa'an nan ya haɗiye su ɗai-ɗai. Irin wannan aiki na lifas yana cikin abubuwan da ke sa man shanu ya canza wari in ya daɗe a ajiye.

INZAYIM MAI BUƊE ƘOFA

Babban ma'aikaci a cikin ƙwayar shi ne saitokurom P450. Masana biyu na Jami'ar Osaka a Japan, Tsuneo Omura da Ryo Sato, su suka sa masa wannan suna a 1962, lokacin da suke nazarin hanta. Harafin P yana tsaye ne a madadin kalmar launi a Turanci, 450 kuwa ma'aunin irin hasken da yake tsotsewa ne. A tsakiyarsa akwai ƙwayar ƙarfe guda, irin wadda ke cikin jan jini. Danginsa suna nan a hantar ɗan Adam, su ne ke narkar da yawancin magungunan da mutum ke sha.

Yadda yake aiki shi ne, ƙarfen nan yana kama iskar oksijin, wadda ƙwaya biyu ce a haɗe. Wani inzayim abokin aikinsa yana miƙo masa ƙwayoyin lantarki biyu, sai ya raba oksijin ɗin gida biyu. Ɗaya ya zama ruwa, ɗayan kuwa ya soka shi a kan kabon na ƙarshe a bakin sarƙa. Abin da injiniya ba ya iya yi da tsabta ko da zafi mai tsanani, wannan inzayim yana yinsa a ɗumin ɗaki. Sarƙar yanzu ta zama wani irin alkohol mai kama da kaki, wanda ba ya sa maye, irin da ake zubawa a man shafawa. Daga nan wasu inzayim biyu su karɓa, su ƙara gyara bakin har ya cika oksijin biyu. Hekzadiken ya zama asid falmitik ke nan.

Yarrowia lipolytica yana da ƙwayoyin gado 12 na ƙera irin wannan P450, wasu sun fi ƙwarewa a gajerun sarƙoƙi, wasu a dogaye. A shekarar 2012 masana a Japan suka ba da labarin cire dukan goma sha biyun, sai yis ɗin ya kasa rayuwa a kan farafin sam, amma in aka ba shi sarƙar da aka riga aka ɗora wa oksijin yana ci. Wannan ya nuna a fili inda mabuɗin yake. Ya kuma nuna wani abu mai muhimmanci: mataki na farko ba ya yiwuwa sai da iska.

YANKA BIYU-BIYU

Yadda ake narkar da asid ɗin maiƙo an gano asalinsa tun 1904. Wani Bajamushe, Franz Knoop, ya maƙala wata alama a wutsiyar sarƙoƙin maiƙo masu tsawo daban-daban, ya ba karnuka suka ci, ya riƙa duba abin da ke fita a fitsarinsu. Daga abin da ya gani ya fahimta cewa jiki ba ya ƙona sarƙar gaba ɗaya, yana gutsurarta ne kabon biyu-biyu daga baki, kamar mai shan rake gaɓa-gaɓa.

A jikin mutum yawancin wannan aiki ana yinsa a wani sashe na ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya. A yis kuwa ana yinsa ne a cikin wasu 'yan jakunkuna masu suna feroksisom, sunan da Christian de Duve, mutumin Beljiyam, ya sa musu, wanda ya sami kyautar Nobel a 1974. Cikin shekarun 1970 masana a Japan suka lura cewa Candida tropicalis da aka ciyar da sukari yana da 'yan jakunkunan kaɗan ne, amma in aka mayar da shi kan farafin sai su cika ƙwayar maƙil. Watau yis ba ya gina masana'antar sai ya ga kayan aiki sun iso.

Kafin a soma yanka, ana ɗaura wa sarƙar wani mariƙi da ake kira koinzayim A. Sa'an nan a bi matakai huɗu. Inzayim na farko ya zare haidirojin biyu kusa da baki, na biyu ya sa ruwa a gurbin, a sake zare haidirojin, na ƙarshe kuma ya datse kabon biyu. Sarƙar da ta rage sai ta koma farko a sake zagayen. Mai kabon 16 takan yi zagaye 7, ta ba da gutsure 8.

Mataki na farko yana haifar da haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke rauni da shi yana kumfa. Guba ne ga ƙwayar halitta, shi ya sa ake yin aikin a cikin jaka, inda wani inzayim mai suna katalas ke jiran ya mayar da shi ruwa da oksijin nan take. Kumfar da ake gani a kan rauni ma aikin katalas ne na jikin mutum.

Gutsattsarin nan kuwa hanya biyu suke bi. Wasu a ƙona su domin samun ƙarfi, su fita a matsayin ruwa da iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Wasu kuma a gina sabuwar ƙwaya da su. Amma gina furotin yana bukatar naitirojin, gina sauran sassa yana bukatar fosforas, watau abubuwan da ke cikin takin zamani, su kuwa kusan babu su a cikin mai. Yis da ke zaune a tsakiyar tafkin mai yana iya zama da yunwa saboda rashin waɗannan.

MAFARKIN SAMUN ABINCI DAGA MAI

A ƙarshen shekarun 1950 wani masani Bafaranshe, Alfred Champagnat, wanda ke aiki da kamfanin BP a matatar Lavéra kusa da Marseille, ya jagoranci gwajin kiwon yis a kan man gas. Riba biyu aka hango. Yis yana tsince farafin mai sa man ya daskare lokacin sanyi, sa'an nan shi kansa yis ɗin, in aka busar da shi, fiye da rabin nauyinsa furotin ne. Kilo ɗaya na farafin yana ba da wajen kilo ɗaya na busasshen yis. A lokacin duniya na cikin fargabar ƙarancin furotin, mai kuwa yana da araha. BP ya sa wa garin suna Toprina, domin abincin kaji da sauran dabbobi, ya gina masana'anta a Grangemouth ta Sikotland mai yin tan 4,000 a shekara, da wata a Lavéra mai tan 16,000. Hukumar UNESCO ta ba Champagnat kyautarta ta kimiyya a 1976.

Sai dai al'amarin bai yi ƙarko ba. Farashin mai ya ninka wajen sau huɗu bayan rikicin 1973, waken soya kuma ya ci gaba da zama mai rahusa. Ita kanta sana'ar tana da tsada, domin yis mai cin farafin yana shan iska fiye da mai cin sukari nesa ba kusa ba, yana kuma fitar da zafin da sai an sanyaya tukwanen. Daɗin daɗawa jama'a suka tsorata cewa ragowar mai na iya bin nama ya shiga jikin mutum. A Japan masu saye suka yi ca, kamfanoni suka janye a 1973. A Italiya an gina ƙatuwar masana'anta a Sarroch, tsibirin Sardiniya, mai ƙarfin tan 100,000 a shekara, amma hukuma ba ta ba da izinin soma aiki ba, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare BP ya bar harkar.

Tarayyar Sobiyat ce ta daɗe a kai, ta gina manyan masana'antu, har da na Kstovo da Kirishi. A 1987 mutanen Kirishi suka fito zanga-zanga, suna kukan ƙurar furotin da ke fita daga masana'antar tana jawo musu ciwon numfashi. A 1989 hukuma ta yanke shawarar dakatar da kiwon yis a kan farafin.

Duk da haka ilimin bai tafi a banza ba. An gano cewa P450 yana iya ɗora oksijin a baki na biyu ma, sarƙa ta zama asid mai kai biyu. A 1992 masana a Amurka suka toshe hanyar yanka biyu-biyu a Candida tropicalis, sai ya riƙa gyara bakunan sarƙa yana fitar da ita waje ba tare da ya cinye ta ba. Kamfanoni a ƙasar Sin sun kafa sana'a a kan irin wannan aiki na yis. Mai kabon 12 ana yin wani irin nailan da shi, mai kabon 13 kuma ana haɗa turare mai ƙanshin almiski. Shi ma Yarrowia lipolytica, Tarayyar Turai ta yarda a sa busasshensa cikin abincin mutane a 2019.

DARASI GA ƘASAR OGONI

A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a kan ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. Ta ce a wurare da yawa mai ya nitse ƙasa fiye da mita 5, a Nisisioken Ogale kuma sinadarin benzin da ke cikin ruwan rijiya ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya fiye da sau 900. Ta ƙiyasta gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30. Ta kuma ce dabarar da aka saba yi, ta kaftar saman ƙasa a bar ƙananan halittu su cinye man, ba ta biya bukata ba. An ƙaddamar da aikin tsabtace yankin a 2016.

Wanda ya bi bayanin da ya gabata zai ga dalili. Mita 5 a ƙarƙashin ƙasa, ko cikin taɓon fadama, iska ba ta kaiwa, P450 kuwa ba ya motsi sai da ita. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu cin mai ba tare da iska ba, amma tafiyarsu ta hawainiya ce. Bugu da ƙari, yis ya fi ƙwarewa ne a miƙaƙƙun sarƙoƙi masu kabon 10 zuwa 18. Masu rassa suna ba shi wuya, masu siffar zobe irin su benzin akasari sai bakteriya da wasu fumfuna, baƙin dabbas mai kama da kwalta kuwa kusan ba mai taɓa shi. Saboda haka a wurin da mai ya zube, abu mai sauƙi ke fara ƙarewa, mai taurin kai ya saura. A fagen nan bakteriya su ne manyan ma'aikata, yis mataimaki ne.

Inda aka cika sharuɗɗa kuwa ana ganin amfani. Bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, an watsa taki a wasu gaɓoɓin teku, aka kuma ga ƙananan halittun wurin sun ƙara saurin cin man. Gurɓatacciyar ƙasa ma in aka tono ta, aka baza, aka sa taki, aka riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, takan warke da sauri fiye da wadda aka bari a binne.

Akwai abin lura ga mazauna birane ma. Baƙin man da ake juyewa daga mota a zubar cikin lambatu ko bayan garejin makanikai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa, ƙarfe kuwa babu halittar da ke narkar da shi ya ɓace. Mai ajiye man gas domin janareta shi kuma ya tuna, in ruwa ya taru a gindin tanki, yis da fumfuna da bakteriya sukan zauna a tsakanin ruwan da man, su yi yauƙi su toshe matata. Maganin abin shi ne a riƙa tsiyaye ruwan.

Yis mai cin mai yana da amfani, amma aikinsa yana da iyaka da sharuɗɗa: iska, taki, laima da lokaci. Man da ke zubewa cikin awa guda daga fasasshen bututu yana iya cin ƙananan halittu shekaru kafin su rage shi, wani kason ma ba za su taɓa iyawa ba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a sha'anin mai rigakafin shi ne kula da bututu, da hanzarin tono ƙasar da ta gurɓata tun man bai nitse inda iska ba ta kaiwa ba.